Maganin Rage Ƙiba: Abin Da Ke Biyo Bayan Ranar Da Aka Daina

A shekarar 2021 aka fitar da sakamakon wani gwaji da ya sa likitocin da ke kula da masu ƙiba suka gyara zama. Mutum 1,961 ne suka shiga gwajin, daga ƙasashe 16. Kashi biyu bisa uku ana yi musu allurar semagulutaid sau ɗaya a mako, wadda a yau ake sayarwa da sunan Wegovy. Sauran kuwa allurar wofi ake yi musu, wato wadda babu magani a cikinta, kuma babu wanda ya san wacce ake soka masa. Da aka cika mako 68, masu allurar gaske sun zubar da kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyin jikinsu. Mai kilo 100 ya dawo 85, ba tiyata, ba kwanciyar asibiti. Jaridu suka ɗauka, jama'a suka yi caa a kan maganin, har ta kai masu ciwon suga a wasu ƙasashe suna neman Ozempic, wanda sinadarinsa ɗaya da Wegovy, suna rasa shi a kantin magani.

Sauran labarin ya fito a 2022, amma bai yi amo kamar na farko ba. Bayan an rufe gwajin an janye allurar, an kuma daina zaman shawarwari kan abinci da motsa jiki, masu binciken sun ci gaba da bibiyar mutum 327 daga cikin mahalarta har tsawon shekara guda. Waɗanda suka sha allurar gaske a wannan rukuni sun sauke kashi 17.3 cikin ɗari na nauyinsu. Shekara na zagayowa, kashi biyu bisa uku na abin da suka zubar ya dawo. Hawan jininsu, da ya sauka, ya koma inda yake. Sugan jini ma ya kama hanyar komawa.

Wanda bai san yadda jiki ke aiki ba zai ce ai sun saki jiki ne, sun koma wa kwaɗayinsu. Haka ake faɗa wa mutum a gida, haka yake faɗa wa kansa idan ya hau sikeli ya ga lambar da ya yi zaton ya rabu da ita. Wannan hukunci zalunci ne, kuma binciken kimiyya na shekaru tamanin ya ƙaryata shi.

A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1944 da 1945, wani masani mai suna Ancel Keys ya tara samari 36 a Jami'ar Minesota ta Amurka domin gano abin da yunwa ke yi wa ɗan Adam, saboda a san yadda za a farfaɗo da mutanen Turai da yaƙi ya bari da yunwa. Aka rage musu abinci zuwa kusan rabi har mako 24, suka zubar da kusan kwata na nauyinsu. Zancensu ya koma na abinci, mafarkinsu ma abinci, wasu suka shiga tara littattafan girke-girke. Da aka sake musu mara, suka riƙa ci ba ƙoshi na watanni, har kitsen jikinsu ya wuce yadda yake kafin a fara. Waɗannan ba masu ƙiba ba ne, lafiyayyun samari ne masu ƙarfin hali da suka ba da kansu don taimakon wasu. Jikinsu ne ya ƙi yarda da asarar.

An daɗe ba a san ta wace hanya jiki ke lissafin kitsensa ba. Sai a 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller da ke New York ya gano sinadarin leftin, wanda kitse da kansa ke fitarwa cikin jini. Idan kitse ya yi yawa, leftin ya yi yawa, ƙwaƙwalwa ta san akwai ajiya. Idan kitse ya ragu, leftin ya faɗi, sai wani ɗan sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa ya ɗauka fari ya shigo: ya buɗe yunwa, ya rage ƙarfin da jiki ke ƙonawa. A 1999 wasu masana a Japan suka gano girelin, wanda tumbi ke fitarwa idan babu komai a cikinsa, shi ne mai kiran mutum zuwa ga akushi. Wannan tsari bai san bambancin mai ramewa da gangan da wanda fari ya kama ba. Aikinsa ya hana mutum mutuwa da yunwa, kuma ya ƙware a aikin.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne daɗewar wannan martani. A 2011 likitoci a birnin Melbon na Ostareliya suka sa mutum 50 masu ƙiba a kan abinci ɗan kaɗan na mako 10, suka zubar da kilo 13.5 a matsakaici. Bayan shekara guda aka sake auna jininsu. Girelin mai kiran yunwa yana sama da inda yake tun farko, sinadaran ƙoshi suna ƙasa, mutanen kuma suna cewa sun fi jin yunwa fiye da kafin su fara, alhali wani ɓangare na nauyin ya riga ya dawo. A 2016 kuma Kevin Hall na cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ya bibiyi mutum 14 da suka taɓa shiga wata gasar rage ƙiba ta talabijin. A gasar sun zubar da kilo 58 a matsakaici; bayan shekara shida kilo 41 ya dawo. Duk da haka jikinsu na ƙona kalori kusan 500 a rana ƙasa da abin da ya kamata mai girmansu ya ƙona. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki, 500 kuwa ya kai abincin zama guda na mai ƙaramin ci.

Akwai wani lissafi da Hall da abokan aikinsa suka fitar a 2016 ɗin, wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Sun duba mutanen da ke shan wani maganin ciwon suga mai sa suga ya riƙa fita ta fitsari, wanda ke sa su rama ba tare da sun yi niyyar rage cin abinci ba. Sai aka ga duk kilo ɗaya da ya tafi, cin abincinsu na ƙaruwa da kalori kusan 100 a rana, ba tare da sun lura ba. Ke nan wanda ya sauke kilo 10, jikinsa na jan sa zuwa ƙarin kalori kusan 1,000 kowace rana. Ba yau kaɗai ba, ba wannan watan kaɗai ba. Duk wanda ya taɓa ganin mai ƙiba ya rame sannan ya koma, wannan ja ne ya gani.

To a nan maganin kashe marmarin abinci ke shigowa. Ba ya narkar da kitse, ba ya wanke ciki, ba ya sauya lissafin da ƙwaƙwalwa ke riƙe da shi. Yana dai rage ƙarar kiran yunwa muddin yana yawo cikin jini. Kamar mai danne gora ne a cikin ruwa: gorar na ƙasa ne saboda hannun na kanta, kuma daɗewar dannewa ba ta koya mata zama a ƙasa. Semagulutaid yana kwaikwayon wani sinadari ne da hanji ke fitarwa bayan an ci abinci, mai suna GLP-1, wanda ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Na jiki cikin 'yan mintoci yake lalacewa, na allura kuwa an sarrafa shi ya kai mako guda kafin rabinsa ya fita. Mako biyar zuwa bakwai bayan allurar ƙarshe ya bar jiki, yunwar da ya danne kuma ta taso da ƙarfin da ramar ta ƙara mata.

Mai karatu zai ce, idan haka ne, a ci gaba da sha mana, kamar yadda mai hawan jini ke shan ƙwayarsa har abada ba wanda ya ce ta gaza don jinin ya hau ranar da ya daina. Wannan shi ne ra'ayin yawancin ƙwararru a yau. Amma akwai dalilin da ya sa likitoci suka shafe shekaru suna ɗari-ɗari da wannan magana, kuma dalilin ba na wasa ba ne.

Tsohuwar ƙwayar da ta fi kowace yawan masu sha a Amurka kafin zuwan allurai ita ce fentamin, wadda ake sayarwa da suna Adipex-P a can, Duromine kuma a Afirka ta Kudu da Ostareliya. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita tun 1959. 'Yar uwar amfetamin ce ta fuskar sinadari, tana zaburar da jijiyoyi, shi ya sa take busar da baki, ta hana barci, ta sa zuciya bugawa da sauri. Takardar da ke cikin kwalinta ta ce a sha na 'yan makonni kawai, abin da likitoci suka fassara da wata uku. Ba don an gwada an ga wata na huɗu na kisa aka sa wannan iyaka ba. Gwaje-gwajen wancan zamani gajeru ne, ana tsoron kamuwa da ita kamar yadda aka kamu da amfetamin, kuma a lokacin ana ɗaukar ƙiba a matsayin mummunar ɗabi'a da wata uku na horo zai gyara. Gwaji mafi tsawo da aka daɗe ana kafa hujja da shi an yi shi ne a Edinbara a 1968, da mata 108, na mako 36 kacal.

Sannan aka shiga shekarun da suka bar tabo. A Siwizalan da Jamus da Ostiriya, wata ƙwaya mai suna aminoreks da aka fara sayarwa a 1965 ta jawo annobar hawan jini na jijiyoyin huhu, cuta mai kisa, aka janye ta. A 1992 wani likita a Jami'ar Rochester, Michael Weintraub, ya wallafa binciken haɗa fentamin da fenfuluramin, haɗin da ya yi suna da Fen-Phen. Miliyoyin Amurkawa, yawancinsu mata, suka sha. A 1997 likitocin asibitin Mayo suka ba da rahoton mata 24 da bawul ɗin zuciyarsu ya lalace, wato 'yan ƙofofin da ke hana jini komawa baya. A watan Satumba na shekarar aka janye fenfuluramin daga kasuwa, kamfanin da ke yin ta kuma ya amince da biyan diyyar dala biliyan 3.75 a 1999. Fentamin ita kaɗai ba a same ta da wannan laifi ba, aka bar ta, amma sunanta ya ɓaci tare da na abokiyar tafiyarta.

A Faransa abin ya fi muni, domin an ga abin da ya faru a Amurka amma aka ci gaba. Kamfanin Servier na sayar da wata ƙwaya mai suna Mediator tun 1976 a matsayin maganin masu ciwon suga, likitoci kuma na rubuta ta don rage ƙiba. Dangin fenfuluramin ce. Ba a janye ta ba sai 2009, bayan wata likitar huhu a garin Brest, Irène Frachon, ta dage tana tattara bayanan marasa lafiyarta tana buga ƙofar hukuma. Kimanin mutum miliyan 5 ne suka sha, ƙiyasi mafi ƙanƙanta kuma ya ce ta kashe 500. A 2021 kotu a Paris ta samu kamfanin da laifin yaudara da kisa ba da gangan ba.

Jerin bai tsaya nan ba. Acomplia ta shiga kasuwar Turai a 2006, aka cire ta a 2008 saboda baƙin ciki mai tsanani da tunanin kashe kai. Sibutiramin, mai suna Reductil ko Meridia, ta yi shekara 13 a kasuwa kafin wani gwaji na mutum kusan 10,000 masu haɗarin ciwon zuciya ya nuna tana ƙara bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kashi 16 cikin ɗari. Aka janye ta a 2010. Belviq ta zo a 2012, ta tafi a 2020 kan zargin ƙara ciwon daji. A kowane ɗayan waɗannan, sai da aka daɗe ana sha, mutane da yawa suka sha, sannan illar ta bayyana. Likitan da ya ga wannan da idonsa, idan ya yi nauyin hannu wajen rubuta magani na shekaru, ba za a ce masa matsoraci ba.

Ga shi nan, gaba kura baya sayaki. Shan wata uku a daina ba ya barin komai a hannu, shan shekaru kuma yana bukatar tabbacin da tarihi ya nuna ba a cika samunsa da wuri ba. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne an fara samun tabbacin, ko da yake ba daidai yake ga kowane magani ba.

Game da fentamin, hujjar tana da ɗan rauni. A 2019 Kristina Lewis ta Jami'ar Wake Forest da abokan aikinta suka duba bayanan asibiti na mutum 13,972 da aka rubuta wa ƙwayar. Waɗanda suka sha ba yankewa fiye da shekara guda, bayan shekara biyu sun fi masu shan wata uku raguwar nauyi da kashi 7.4 cikin ɗari, kuma a cikin shekara uku ba a ga ƙarin ciwon zuciya ko mutuwa a cikinsu ba. Labari ne mai daɗi, sai dai ba gwaji ne da aka raba mutane ta hanyar ƙuri'a ba. Waɗanda suka daɗe suna sha su ne waɗanda tun farko ƙwayar ta karɓe su, kuma likitoci ba sa rubuta ta ga mai ciwon zuciya, ko mai hawan jinin da bai daidaita ba, ko mai juna biyu, ko wanda ya taɓa faɗawa shaye-shaye. Akwai kuma Qsymia, haɗin ƙaramin awon fentamin da wani maganin farfaɗiya, wadda aka amince a sha na dogon lokaci tun 2012. Tana sauke kusan kashi 10 cikin ɗari, amma tana iya jawo tsagewar leɓe ga jariri idan aka ɗauki ciki ana shan ta.

Wani kuskure da ya kamata a gyara a nan: masu shan irin wannan ƙwaya kan ce bayan wata shida ta daina aiki, saboda sikeli ya tsaya. Sai wasu su ninka awo da kansu, wanda haɗari ne ga zuciya, wasu kuma su watsar. Tsayawar sikeli ba mutuwar magani ba ce. Jiki ya ƙara ƙarfin ja, magani na riƙe da nasa ɓangaren, sai aka yi kunnen doki. Riƙe nauyin a inda ya tsaya shi ne aikin da maganin ke yi a wannan lokaci, kuma ana gane haka ne idan aka cire shi.

Su kuwa sababbin allurai, an gwada wannan tambaya kai tsaye. A wani gwaji da aka wallafa a 2021, an yi wa mutane semagulutaid na mako 20, suka sauke kashi 10.6 cikin ɗari, sannan aka raba mutum 803 ta ƙuri'a. Waɗanda aka ci gaba da yi wa maganin suka ƙara sauke kashi 7.9 a mako 48 da suka biyo baya. Waɗanda aka sauya wa zuwa allurar wofi suka ƙara kashi 6.9, alhali ana ci gaba da ba su shawarar abinci da motsa jiki kamar kowa, kuma ba a gaya musu an sauya ba. Wannan batu na ƙarshe shi ne ya rushe zancen sakin jiki. An maimaita irin gwajin da tirzefataid, mai suna Mounjaro ko Zepbound, a kan mutum 670: bayan sauke kusan kashi 21 cikin ɗari a mako 36, masu ci gaba suka ƙara sauke 5.5, waɗanda aka cire wa suka ƙara kashi 14 a shekara guda.

Ta fuskar lafiyar zuciya, inda tsofaffin ƙwayoyi suka faɗi, an samu akasin abin da aka saba. A 2023 aka wallafa gwajin mutum 17,604 masu ƙiba da suka riga suka taɓa fama da ciwon zuciya ko na jijiyoyin jini, ba su da ciwon suga, aka bi su fiye da shekara uku. A masu allurar wofi, kashi 8 cikin ɗari sun gamu da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa ta dalilin zuciya. A masu semagulutaid kashi 6.5 ne. Nauyin da suka sauke, kusan kashi 10 cikin ɗari, ya zauna har shekara huɗu ga masu ci gaba da allurar. Wannan ba ya nufin babu illa. Tashin zuciya da amai da gudawa ko taurin bayan gida sun zama ruwan dare a watannin farko, tsakuwar matsarmama na ƙaruwa, ana samun kumburin sashen da ke yin insulin jefi-jefi, kuma a wannan gwaji kusan mutum ɗaya cikin shida ya ajiye allurar saboda illa. Amma dai hujja ce mai nauyi, kuma dangin waɗannan magunguna suna hannun masu ciwon suga tun 2005. A watan Disamba na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar da ta yarda a yi amfani da su na dogon lokaci ga manya masu ƙiba, ban da masu juna biyu, tana mai jan hankali kan tsada da ƙarancin bayanan shekaru masu yawa.

Sai dai abin da ake shawarta daban, abin da ke faruwa daban. Wani nazari na bayanan marasa lafiya a Amurka da aka wallafa a 2025 ya nuna kusan kashi 65 cikin ɗari na marasa ciwon suga sun daina allurar kafin shekara ta cika. Lokacin da Wegovy ya fito, farashinsa a takarda ya haura dala 1,300 a wata. Kamfanonin inshora da dama sun ƙi biya, ko su biya na ɗan lokaci su janye. A Ingila, hukumar da ke tantance magungunan da asibitocin gwamnati za su bayar ta amince da Wegovy a 2023, amma ta ƙayyade shekara biyu. A ganina wannan ƙa'ida ta aljihun gwamnati ce, ba ta jikin mara lafiya ba, domin babu wani abu da ke faruwa a jiki a wata na 24 da zai sa yunwa ta haƙura. Akwai kuma matan da dole su daina: mai son ɗaukar ciki ana umartar ta da ta ajiye semagulutaid aƙalla wata biyu kafin nan.

Me ake asara idan an sauka an sake hawa? Wani zai ce ai an koma inda aka fito ne kawai. Ba lallai ba. Nauyin da ke tafiya ba kitse ne zalla ba. A gwaje-gwajen da aka auna jiki da na'ura, tsakanin kwata zuwa kusan kashi 40 cikin ɗari na abin da aka zubar ba kitse ba ne, tsoka ce da ruwa da sauran nama. Lokacin dawowa kuwa kitse ya fi saurin taruwa, kamar yadda aka gani a samarin Minesota. Ga matashi mai ƙarfi wannan ba babban abu ba ne. Ga dattijuwa mai ciwon gwiwa, wadda tsokar cinyarta ce ke tashe ta daga tabarma, asara ce ta gaske. Ga kuma raunin zuciya da ba a aunawa: mutum ya ga kansa a sabon jiki, ya ɗinka sababbin kaya, an yi masa barka, sannan ya riƙa kallon abin na kuɓuce masa yana zargin kansa.

Shin akwai abin da ke rage dawowar? Mafi kyawun amsa da aka samu daga Kofenhagen ta fito. Signe Torekov da abokan aikinta sun sa mutane a kan ƙaramin abinci na mako takwas, suka zubar da kilo 13 a matsakaici, sannan aka raba mutum 195 gida huɗu na shekara guda: masu allurar liragulutaid, wato Saxenda, masu motsa jiki ƙarƙashin mai horarwa, masu haɗa biyun, da masu allurar wofi. Daga nan aka sallami kowa, aka sake kiran su bayan shekara. Waɗanda suka dogara da allura kaɗai sun ƙara kilo 6 fiye da waɗanda suka yi motsa jiki kaɗai, waɗanda suka haɗa biyun kuma sun fi masu allura zalla riƙe abin da suka samu. Motsa jikin ba yawon shan iska ba ne, na haɗa gumi ne sau da yawa a mako. Bai hana dawowar nauyi gaba ɗaya ba, amma ya rage ta, ya kuma kare tsoka. Dalilin a fili yake: wanda ya saba da motsa jiki yana tafiya da sabonsa gida, allura kuwa tana ƙarewa da kwalinta. Wasu likitoci na gwada rage awo sannu a hankali maimakon yankewa lokaci guda, wasu na mayar da mara lafiya kan ƙwaya mai araha, ga masu ƙiba mai tsanani kuma akwai tiyatar rage tumbi, wadda tasirinta ke kai shekaru goma da fiye.

Saboda haka maganar dainawa a ranar farawa ya kamata a yi ta. Likitan da zai rubuta wannan magani, haƙƙi ne a kansa ya gaya wa mara lafiya cewa mai yiwuwa tafiyar ta shekaru ce, ya tambaye shi ko aljihunsa zai ɗauka, ya tambayi mace ko tana shirin haihuwa, ya duba zuciya da jini kafin ƙwaya irin fentamin. Wanda ƙibarsa ta haɗu da ciwon suga ko ciwon zuciya ko toshewar numfashi cikin barci, ribar da zai samu ta cancanci ɗawainiyar. Wadda kuwa ke son ta sauke kilo biyar kafin biki, za ta ɗauki illar magani ne ta biya kuɗinsa a kan abin da zai dawo kafin a yi suna.

A wajenmu an fi sanin kishiyar wannan matsala, 'yan mata masu shan sha-ka-fashe don su yi jiki. Amma masu neman rage teɓa na ƙaruwa a birane, tare da ƙaruwar ciwon suga da hawan jini, kuma kasuwa ta riga ta ji ƙamshinsu. Hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha kama shayi da kofi da ƙwayoyin rage ƙiba da aka rubuta wa cewa ganye ne zalla, aka auna aka tarar da sibutiramin a ciki, wato maganin nan da aka janye tun 2010. A 2023 an kwantar da mutane a asibiti a Ostiriya bayan sun yi amfani da jabun Ozempic da ake zargin insulin aka ɗura a ciki, a watan Yuni na 2024 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun da aka gano a Burazil da Birtaniya da Amurka. Idan jabu ya ratsa waɗannan ƙasashe, wanda ke saye ta WhatsApp daga hannun da bai sani ba ya san irin cacar da yake yi.

A shekarar 2026 ne kariyar mallakar semagulutaid ke ƙarewa a Indiya da Sin da Burazil da Kanada, kuma kamfanonin Indiya da dama sun shirya fitar da nasu mai rahusa. Daga Indiya da Sin ne kaso mai yawa na magungunan kantunanmu ke zuwa, don haka allurar da a yau sai mai hali za ta iya kaiwa hannun ma'aikacin gwamnati da 'yar kasuwa. Rahusa za ta sauƙaƙa daɗewa a kan magani, amma ba za ta warware komai da komai ba. Ana fara Wegovy ne da ƙaramin awo, a riƙa ƙarawa duk mako huɗu har mako 16 kafin a kai cikakke, kuma wanda ya tsallake makonni saboda kaya sun yanke a kanti ko albashi ya makara, sau da yawa sai ya koma ƙasa ya sake hawa, da tashin zuciyarsa da komai. Allurar kuma a firji ake ajiye ta, tsakanin digiri 2 da 8. Idan an fitar da ita, kada zafi ya wuce digiri 30. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai, zafin watan Afrilu kan haura 40, a daidai lokacin da wutar lantarki ta fi yin wuya.